Lado Mai Tsire da Miyar Fatanawa

Lado yana ɗan shekara tara aka zo da shi Jidda, a 1969, bayan tafiyar wata huɗu ta Chadi da Sudan, sannan kwana biyu a jirgin ruwa. Mahaifinsa manomin gyaɗa ne daga Ɗambatta. Ya sauke farali, ya ce zai huta shekara guda kafin ya juya gida, sai ga shi an binne shi a nan bayan shekara goma sha bakwai. Abin da Lado ya riƙe na ƙasar haihuwarsa bai wuce ƙamshin gyaɗar da aka tono da hantsi ba, danshin ƙasa yana jikinta.

A wancan zamanin ba a samun ƙuli-ƙuli a kanti, don haka mahaifiyarsa ta zaunar da shi ta koya masa, ko da yake a gida aikin mata ne. A soya gyaɗa har ta yi launin ƙasa, kada ta kai baƙi. A murje, a fece ɓawo, a niƙa. Sannan a riƙa ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa, har mai ya taso ya rabu da tunkuza. A wurin tsohuwar, gyaɗar da ba a raba ta da manta ba aikin da aka bari rabi ne. Daga tunkuza ake yin ƙuli, daga ƙuli ake daka yaji da barkono da citta da kimba da masoro, kuma da wannan yajin Lado ya ci abinci shekara arba'in. Shagonsa na tsire yana unguwar Hindawiyya, faɗinsa taku shida. Da rumfar kwano ce, daga baya hukuma ta sa aka yi gilashi da tayil, shi kuwa har yau yana cewa nama ya fi daɗi a zamanin rumfa.

Masu saye suna da yawa, Larabawa da baƙaƙe, amma mutum ɗaya ne Lado yake gasa wa nama da zuciyarsa. Munzali haifaffen Jidda ne, mazaunin unguwar Nuzla, shugaban masu lodi a wani sito da ke Khumra. Hausarsa rabi Larabci ce. Shekara talatin da ɗaya, kowace Juma'a bayan la'asar, zai zo ya zauna a benci na hagu, a ba shi tsinke biyar na cinya mai siririn kitse, a barbaɗa yaji sau biyu. Ba ya yabo da baki. Zai ci, gumi ya karyo masa, ya share da gefen ƙyallen kansa, ya girgiza kai. Wannan girgizar kai ita ce albashin Lado na mako.

A bara ne ƙwannafi ya matsa wa Munzali. Asibiti sun ba shi ƙwayoyi, sun ce ya rage yaji, bai ji ba. Maganar da ya ji ita ce ta Moidu, wani dattijon Ba'indiye mutumin Kerala, mai riƙe da makullan siton. Moidu ya kama wuyan hannunsa, ya duba harshensa, ya tambaye shi ko ransa yakan ɓaci in abincin rana ya makara. Sai ya bayyana masa ilimin da ake kira Ayurbeda a ƙasarsu. A wurinsu jikin ɗan Adam kashi uku ne: akwai mai ɗabi'ar iska, akwai mai ɗabi'ar wuta, akwai mai ɗabi'ar ruwa da nauyi. Munzali na wuta ne. Gyaɗa kuwa mai zafi ce, mai nauyi, ta dace da mai iska, amma mai wuta in ya ci ta a bushe da barkono, ya zuba gawayi ne a kan gawayi. In ba zai iya barinta ba, to ya ci ta a jiƙe, an sanyaya ta da madarar kwakwa da ɗan zaƙi. Har ya kwatanta masa inda ake yin irin wannan miya, wato shagon Abdulelah Bafatane, layi uku daga na Lado. Fatanawa jikokin alhazan kudancin Tailan ne, waɗanda suka zo suka zauna kamar yadda namu suka zauna, kuma su ma suna soke nama a tsinke.

Juma'ar da abin ya fara, Munzali ya iso da 'yar roba mai murfi a leda. Lado ya ɗaga hannu zai barbaɗa yaji, sai ya ji Munzali ya kira shi da alkunyarsa irin ta Larabawa, ya ce, "Yau bar shi haka, ya Abu Maha."

Hannun ya tsaya a sama. Munzali ya buɗe robar, ga wata miya mai kauri, jan mai yana yawo a kanta. Ya tsoma tsiren Lado a ciki, a kan bencin Lado, a gaban mutane huɗu da ke jiran nasu. Yana ci yana zuba bayanin iska da wuta, yana ƙirga ɗanɗano shida da yatsu kamar ɗan makarantar da ya haddace darasi: zaƙi, tsami, gishiri, yaji, ɗaci, bauri. Ya ce abinci nagari sai ya tara su, kuma wannan miyar ta tara huɗu a cokali ɗaya.

Lado ya tambaya me aka zuba. Aka lissafa masa.

"Gyaɗa, tsamiya, zaƙi," in ji shi, yana juya nama ba tare da ya ɗago ba. "Kunun gyaɗa ka kawo mini shago, saura shinkafa. Azumi kake yi, ko haihuwa ka yi ba mu ji ba?"

Masu jira suka yi dariya, Munzali ma ya yi. Amma da ya cinye tsinke na biyar, ya girgiza kai. Lado ya gani sarai, kuma ya san ba shi aka girgiza wa ba.

Haka aka yi Juma'a shida. Lado bai hana shi ba, bai kuma daina tsokana ba. Yana tambayar lafiyar likitan makullai, yana cewa tun kafin a haifi kakan Moidu Bahaushe ya san abinci mai zafi da mai sanyi, ba wanda ya buɗe masa makaranta. A gida kuwa ya zama wani iri. Matarsa Lailatu ta lura yana daka yaji da ƙarfin da ya wuce na yaji. Ya sauya hanyar zuwa masallaci don ya riƙa wucewa ta gaban shagon Abdulelah, yana kallo ta gefen ido: wani siririn tsoho mai farar hula, shago tsaf, tsinkayensa ƙanana kamar na sakace. Abin da ya fi ci masa rai shi ne mutumin yana masa sallama da fara'a, bai ma san akwai wani abu a tsakaninsu ba.

Ran nan Munzali ya manta robar a ƙarƙashin benci. Lado ya ɗauke ta zai jefa a shara, sai ya duba hagu da dama, ya lakato da ɗan yatsa, ya kai baki. Harshen da ya yi shekara arba'in yana auna yaji ya warware masa ita ɗaya bayan ɗaya: busasshen jan barkono, tafarnuwa, wata 'yar'uwar citta, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake jefawa a shayi, ruwan kifi mai gishiri, tsamiya, da wani zaƙi mai kama da mazarƙwaila. Da daɗi. Ya so a ce babu.

Amma ya ji wani abu da ya faranta masa rai. Mai ya yi yawa. Bafatanen nan niƙa gyaɗa kawai yake yi ya zuba, bai san a raba ta da manta ba. Kuma ai shi kansa Ba'indiyen ya ce gyaɗa nauyi gare ta da zafi, to ina nauyin yake in ba a cikin man ba? Lado ya ga hanya a buɗe. Zai yi miyar da ta fi ta Abdulelah tsabta, ta fi ta dacewa da cikin abokinsa, kuma da ilimin da babu Bafatanen da ya gada.

Ranar Alhamis da hantsi ya sayo kayan a wani kantin 'yan Asiya da ke nesa da unguwa, don kada a gan shi. Ya soya gyaɗa mudu guda, ya niƙa, ya tatse ta har sai da tunkuzar ta daina sheƙi. Ya dama ta a madarar kwakwa. Da ya zo kan zaƙi hannunsa ya ƙi, don bai taɓa ganin an sa zaƙi a abin da za a ci da nama ba, ya jefa rubu'in abin da harshensa ya gaya masa. Ɗan jan man da ya taso daga kwakwar ma ya bi shi da cokali ya kwashe tas. Lailatu tana daga bakin ƙofa tana tsinke zogale, ta dubi tukunyar, ta dubi fuskarsa, ta ci gaba da aikinta.

A kan wuta miyar ta yi kyau. Kafin la'asar ɗin Juma'a ta daskare kamar tuwon jiya. Ya ɗumama ta, ya ƙara ruwa, ya ajiye a gaban Munzali a kwanon tangaran, ya ce a mayar da robar da aka zo da ita cikin leda. Munzali ya dubi kwanon, ya dubi Lado, ya gane ko aikin wane ne. Ya tsoma ya ci. Miyar ta manne masa a ganɗa, tsami da barkono suka fito tsirara ba abin da ya lulluɓe su. Ya ci tsinke uku, ya sha ruwa kofi biyu, ya ce Allah ya yi albarka, ya ce ana jiransa a gida.

Juma'a ta gaba bai zo ba. In ban da makon aikin hajji da shekarar annoba, wannan ne karo na farko. Lado ya ware cinya mai siririn kitse, ta kai magariba, ya sayar wa wani Bayamane. Washegari wani mai wanki ya faɗa masa, ba da wata manufa ba, cewa ya ga Munzali zaune a shagon Fatanawa.

Kwana uku suka wuce. A na huɗu, suna karin safe, ya ce da Lailatu, kamar mai magana da bango, bai san abin da ya rage a miyar ba, komai ya zuba.

"Ba abin da ya rage, Malam. Abin da ka cire ne," ta ce. "Man shi ne miyar. Su har kwakwar soya ta suke yi da kayan ƙamshin sai ta fitar da nata man, sannan a zuba gyaɗa yadda Allah ya yi ta. Zaƙin kuma cikakke ake sawa, ba na jin kunya ba."

Ya tambaye ta ina ta san wannan. Ta ce Zakiya matar Abdulelah ajinsu ɗaya a karatun Alƙur'ani na ranar Talata, kuma ta sha ganin tana haɗawa.

"Kin ci kenan."

"Na ci."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Munzali ya san da ita."

Lado ya ajiye kofin shayi a hankali. Ashe a gidan nan ma an riga shi. Ya so ya ce ta riƙe iliminta, amma ya tuna bencin hagu babu kowa a kai, ya haɗiye.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya sake ɗora tukunya, Lailatu tana gefe tana faɗa yana yi. Mafi wuya shi ne lokacin da ya juye niƙaƙƙiyar gyaɗa da manta duka, hannunsa yana ƙaiƙayin neman ruwan zafi. Jan mai ya taso, ya bar shi. Ya rufe shago a ranar ciniki, ya ɗauki tsinke biyar da kwano, ya shiga mota zuwa Nuzla.

Munzali ya buɗe ƙofa, kunya ta kama shi, ya fara kame-kamen wai ciki ne, wai aiki ne. Lado ya ce bai zo shari'a ba, ya zauna ya ci tun da zafi. Suka zauna a tabarma. Munzali ya tsoma da tsoro, ya tauna, sai fuskarsa ta sake. Ya cinye biyar ɗin, ya suɗe kwanon da yatsa.

"Wallahi, ya akhi," ya ce, da dukan zuciyarsa, "sak ta Abdulelah. Ko shi ba zai bambance ba."

Lado ya ce madalla. Ya ɗauki kwanonsa, ya ƙi tsayawa shayi.

Munzali ya dawo bencinsa, kuma har yau bai sake fashi ba. Kowace Alhamis Lado yakan ware gyaɗa cikin tafin hannu biyu kafin ya tatse sauran, ya yi miya kwano ɗaya tak. Masu saye sun sha jin ƙamshin su tambaya, ya ce ba ta sayarwa ba ce, maganin wani marar lafiya ne. Shi kansa ba ya ɗanɗanawa, Lailatu ce mai gaya masa ko gishiri ya ji. In Munzali ya fara ci, Lado yakan juya baya ya kama gyaran gawayi, har sai ya ji an ajiye tsinke na ƙarshe.