Alwalar Keke

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, yayana da ke Kano ya aiko da keken guragu a saman motar Ajingi. Baba ya dube shi daga kan tabarma, ya ce shi ba gurgu ba ne. Muka ce haka ne. Muka koma ce wa abin kujera, sannan ya yarda ya hau.

Ni ne a gida, don haka ni ne direba. Wanda ya ƙera keken nan bai taɓa ganin rairayin ƙauyenmu ba. In na tura gaba ƙananan tayoyin su nutse, sai dai in juya shi in ja da baya. Haka Baba ya riƙa gaisawa da mutane bayan ya wuce su.

Shi ba yawo ne ya dame shi ba. Tun kafin a haife ni wurinsa ɗaya ne a masallaci, sahun gaba, dama da liman. Da ya kwanta wani ya riƙa tsayawa a wurin, kuma labari yana iske shi har ɗaki. Wurin nan yake so ya koma.

Juma'ar farko ladan ya tare mu a ƙofa. Sa'an Baba ne, kuma taubashinsa, tun suna yara ba sa raga wa juna. Ya duƙa ya leƙa tayoyin, ga kashin awaki ya maƙale, ga sabon kafet a ciki.

Ya ce, “Malam, wannan ai takalmi ne. Takalmi kuwa a waje yake tsayawa.”

Ranar a rana Baba ya yi salla, shi da yara da masu tallar rake. Ni kam ban san abin da liman ya karanta ba, raina ya gama ɓaci.

Magana ta bazu. Teburin mai shayi ya rabu biyu, 'yan takalmi da 'yan kujera. Yayana ya yi ta turo min muryoyin malamai a waya, ina kunna wa ladan, yana cewa wannan malamin bai ga kafet ɗin ba. Ƙarshe Baba ne ya sa aka kira shi zaure. Bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar, amma ta fita.

“Kai in ka cire takalminka, kana iya tafiya?”

“Ina iyawa.”

“Ni in an cire min wannan fa?”

Ladan ya dubi tayoyin. Baba ya ci gaba.

“To ƙafa ce. Ita kuwa ƙafa ba a cire ta, wanke ta ake yi.”

Ladan ya sosa ƙeya, ya ce in haka ne sai a fara da ta dama.

Juma'a na zuwa na tsuguna a ƙofar masallaci da buta da tsumma ina yi wa keke alwala. Wani dattijo ya tsaya a kaina ya nuna min inda na bar lam'a, na koma na wanke. Muka shiga har sahun gaba, wanda ya gaje wurin ya matsa. Liman ya ce a daidaita sahu, a haɗa kafaɗa. Na dama ya haɗa da taya, na hagu ma haka. Da aka yi sujada kowa ya tafi ƙasa, Baba ya rage a sama shi kaɗai yana kallon bayan mutane.

A hanyar gida ni murna nake, har ina ja da sauri. Kusa da rijiya ya ce in tsaya.

“Ba wanda ya taɓa ni,” in ji shi.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Duk wannan rigima da wankin taya, ga abin da aka samu. Na ce, “To Baba, yaya kake so a yi?”

“Ka kai ni ƙofa, daga nan ka goya ni.”

Juma'ar da ta biyo baya na tsayar da keke a ƙofar masallaci. Mutum ne da na sani yana ɗaga buhun gyaɗa ba mai kama masa, sai na tattaro ƙarfina duka na yunƙura. Saura kaɗan mu kifa, don babu nauyin da na shirya wa. Wannan ya fi komai yi min ciwo. Na zaunar da shi a kan kafet, yana ta karkacewa ta gefen da ya shanye, ni kuma ban san yadda zan tallafe shi in yi tawa sallar ba.

Ladan ya gama iƙama, ya zo ya zauna a gefen, ya tokare shi da kafaɗa. Ya ce wa na kusa gwiwa ce ke damunsa, yau a zaune zai yi. Ba wanda ya taɓa jin labarin gwiwar nan a garin.

Ko allura aka soka wa Baba a gefen nan ba ya ji. Amma ana sallamewa ya juya ya dubi ladan.

“Kai dai ka cika matse mutum.”

Ladan bai matsa ba.