Genowefa da Tuban Mahauci

Genowefa Kurek ta yi ɗinki a masana'antar riguna ta garin Radom har idanunta suka gaji, ta koma cin fansho. Ƙofarta na kallon tawa. Ba ta karanta littafi, abin da ban taɓa yafe mata ba, amma duk fim ɗin masu laifi da aka nuna a talabijin, washegari sai ta yanke masa hukunci a kan matakala.

Kamar yadda aka saba a ƙasar nan, in fim na waje ne, namiji ɗaya ke karanta maganar kowa da harshenmu, mace da ɗan sanda da ɓarawo, da murya guda marar hawa da sauka, wadda ke danne ta 'yan wasan.

Wata Asabar aka nuna wani na Italiya, labarin mahaucin da ya kashe abokinsa, ya ƙare fim ɗin yana neman gafarar matar mamacin.

"Maƙaryaci ne," in ji ta. "Ka ji yadda ya ce ya tuba? Sai ka ce mai sanar da yanayin gobe."

"Ba shi kika ji ba, maƙwabciya. Mai karatu kika ji."

"Kai dai malam, ko miya aka zuba maka sai ka nemi hujjarta."

Zafinta ya ba ni mamaki, har na bincika dalili. Ashe ƙanenta Leszek yana kurkuku, ya kashe mutum cikin maye. An kusa sakinsa, kuma ba shi da masauki sai gidanta. Ta ƙi zuwa ganinsa. Limamin coci ke kawo mata saƙon tubansa, ita kuwa ta ce ba ta ji nadama a ciki ba.

Da gidan sinima ya kawo fim ɗin da muryoyinsa na asali, fassara a rubuce a ƙasan allo, sai ta ja ni muka je don ta ƙaryata ni. Aka tashi, muka fito.

"Ashe muryar shegen rawa take yi," ta ce.

Ya zama dole in tsawatar, domin barin kuskure zuwa kishiyarsa ba gyara ba ne. "Ɗan wasa ne, koya masa aka yi. Rawar murya ba shaidar tuba ba ce, kamar yadda rashinta bai tabbatar da taurin zuciya ba."

"Na sani, sarkin hujja. Amma in ƙarya Leszek zai yi mini, ya yi da bakinsa, ba da na liman ba. Wace mota ke zuwa kurkukun ranar Lahadi?"

Ban sani ba. Muka tsallaka tasha muka tambayi direba.