Kafintan da Ke Neman Gafara Kafin Ya Hau Tsani

Alhaji Siddiƙu mai sayar da fanka ya yi ƙarya, kuma ya san ƙarya ya yi. Bara ya tafi ofishin tsara gari ya ce Filibus kafinta yana barin kafa a rufin gidaje don maza su riƙa leƙen matan maƙwabta. A Sakkwato irin wannan magana ta isa ta raba mutum da gudumarsa, a ɗaure masa kaya a raka shi tasha. Balle baƙo, balle Kirista.

Tun da kuɗin mai suka shigo, duk wanda ya ɗora bulo a kan bulo ya zama injiniya, don haka yabo ya daina shiga kunnena da sauƙi. Sai da na bi gidajen da Filibus ya rufa, na tambayi masu su, sannan na ɗauki alƙalami.

Da sassafe yake fitowa daga unguwar Gidan Dare a kan kekensa, zarto ɗaure a baya. In ya isa wurin aiki ba ya taɓa tsani sai ya zaga katangun maƙwabta yana ɗaga murya: “Gafara dai masu gida, za a hau sama! A kimtsa!” Sai an amsa yake hawa, in ya hau kuma bayansa yake ba gidan mutane.

Rufinsa ba irin na kowa ba ne. Gefe biyu ne, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, ba su haɗe a tsakiya ba. Tsakaninsu yakan bar baki mai kallon arewa, ya sa raga, leɓen kwanon sama ya sauko ya tare ruwa da rana. Zafin ɗaki ya tashi ya fice ta nan, haske ya shigo. Dokar gini ta hana ruwan rufinka zuba gidan wani, ta hana tagarka kallon tsakar gidan wani. Ban samu inda ya saɓa ko ɗaya ba, kuma na nema.

Inna Lailatu, dattijuwar da ya rufa wa ɗaki, ta ce da ni, “Da ya ƙare nic ce mai, Hilibus, kwanon na bai kai ba, ko ka ɓoye saura? Yac ce, Inna, bari bazara ta zo ta yi mani shaida. To, ta zo. Hwankar da ɗana ya sawo man wurin Siddiƙu ga ta can, kaji na kwana bisanta.”

Laifin Filibus ke nan a wurin mai fanka.

Da ƙarar ta shiga aka tsayar masa da aiki. Masu gaishe shi suka koma kallonsa ta gefen ido. Wani ɗan kasuwa har ya sa aka liƙe bakin rufinsa da siminti, ya koma yana ɗiga gumi. Daga baya ofis ya turo mai duba gini, Malam Abdulwahabu, tare da mai unguwa, zuwa gidan Inna Lailatu. Filibus ya kafa tsani a cikin ɗaki.

“Ranka ya daɗe, hau ka leƙa da kanka.”

Abdulwahabu ya hau, ya kai ido bakin ragar.

“Mi kag gani, Malam?” in ji mai unguwa.

“Sama, da shirwa guda.”

Abdulwahabu ya ce sai ya duba ta waje kuma. Ya kama tsani ke nan Filibus ya riƙe masa hannu. “A yi haƙuri, ranka ya daɗe, ban gaya wa maƙwabta ba.” Ya zaga ya yi kiransa, aka amsa, sannan ma'aikacin gwamnati ya hau. Yana can sama ya waiga, sai ga wani sabon bene da ƙatuwar taga ta buɗe baki a kan gidajen mutane.

“Benen wa ne wancan?”

Inna Lailatu ta ce, “Na mai ƙara na, ɗana.”

Filibus, bana ciwon gwiwa ya sauko da kai daga tsani. Kai ne baƙon da ya riƙe kunyar garin nan lokacin da wasu 'ya'yansa suka sayar da tasu. Ka sanyaya ɗakin talaka ba da wutar lantarki ba, ka hau kan gidajenmu idonka bai sauka inda bai kamata ba. Mun gode, Allah ya saka maka. Kafintocin zamani, masu hawa rufi da rediyo a rataye ba ko gyaran murya, ku je ya koya muku tun yana da ƙarfin magana.

Alhaji Siddiƙu kuwa, an duba aka ga benen ba da izini ya ɗora shi ba. Aka turo leburori da soja biyu suka sauke ɗakin saman. Yanzu a ƙasa yake kwana.