Yaya Isiyaku da Rijiyar Gindin Magarya

Bana shekara hamsin da huɗu ke nan da rasuwar yayana Isiyaku. Waɗanda suka san shi sun ƙare, saura ni, kuma ni ma ƙafa ta fara ja. Shi ya sa na ga gara in rubuta wa masu karatu abin da na sani game da shi, da ƙauyen da ya rasu saboda shi, tun da sauran wanda ya gani da idonsa.

Gindin Magarya muke kiran ƙauyen. Ba ya cikin takardar kowa. Yana kudu da Makka, gefen tsohuwar hanyar da ayarin Yamal ke bi, wajen da gine-ginen unguwar Ka'akiyya suka cinye yanzu. A shekarun alif ɗari tara da sittin daji ne sosai: baƙaƙen duwatsu, kwari mai yashi, sai ɗakunan katako da gwangwani da Larabawa ke ce wa sandaga. Ni da Yaya mun iso can ne bayan shekara shida a hanya, daga wani ƙauye a ƙasar Daura. Mun yi noma a Cadi, mun tsinci auduga a Sudan, muka haye teku a kwale-kwale. Mun yi Hajji, ba mu koma ba. Kusan kowa a Gindin Magarya haka labarinsa yake, kuma kusan babu mai iƙama, wato takardar izinin zama.

Ƙauye ne mai sana'a. Akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da muke kira Dutsen Jima, inda majema ke shanya fatun da suke tarowa bayan layyar alhazai. Warinsa kan riga mutum isa gida. Akwai masu gasa tsire suna kaiwa cikin gari, Larabawa na saya suna ce masa siriya. Mata na saƙa faifai da tabarma, suna soya gyaɗa. Akwai maƙerar Baffa Ɗanjuma, dattijon da ya riga kowa zama a wurin, wanda ke buɗe garwar kananzir ya miƙar da ita ta zama bango ko rufi. Shi ne babbanmu, maganarsa ake bi. Ni kuwa ga-ruwa nake yi, garwa biyu a sanda, ina bi gida-gida. In lokacin Hajji ya zo, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa a tafi Arfa aikin shara da dako.

Duk waɗannan sana'o'in a kan rijiya ɗaya suka dogara. Tana gindin wata tsohuwar magarya, mai zurfin gaba goma sha wani abu, an jera mata duwatsu a jikin bango tun daga baki har ƙasa. Yaya ne mai kula da ita, domin haƙar rijiya ce sana'ar gidanmu, shi ya gada, ni na gudu. Tun ina ƙarami ba na iya leƙa rijiya sai jiri ya kwashe ni. Shi kuwa ya san wannan rijiya dutse-dutse. Yakan ce ba mutum ɗaya ya gina ta ba: jerin ƙasa aikin makiyayan Larabawa ne na da can, na tsakiya na masu ayari ne, na sama kuma Baffa Ɗanjuma da abokansa suka ƙara. Yakan zauna da tsofaffin makiyaya yana tambayarsu da guntun Larabcinsa wa ya fara sauka a nan, wace shekara ruwa ya ƙafe, ina kwarin ya taɓa bi. Duk abin da na sani na tarihin wurin daga bakinsa na ji.

Tsoro kuwa shi ne abincinmu na kullum. In aka hango ƙurar mota daga wajen gari, maƙera takan yi shiru, mata su kwashe faifansu, maza su hau dutse. Sau da yawa motar kayan wani ce kawai take wucewa. Amma mun san waɗanda aka kama a kasuwa aka sa a jirgi aka mayar da su gida, matansu ba su ji labari ba sai bayan watanni. Gida kuma a lokacin rediyo ba ya kawo mana komai sai labarin yaƙin basasa.

Sai aka yi ruwa. Bai sauka a kanmu sosai ba, can kan duwatsu ya zuba. Wajen azahar muka ji rugugi kamar ana gangaro da duwatsu, kafin a ce me ke nan ambaliya ta cika kwarin, ja wur, ɗauke da itatuwa da matattun awaki. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, domin ɗakunanmu suna kan tudu. Amma ruwan ya haye bakin rijiya. Da ya janye, muka tarar da ita cike da yashi da laka har rabi.

Kwana huɗu Yaya yana yasa, mu muna jan kwando daga sama. Majema sun tsaya, fatu sun fara ruɓa, mata na tafiya mai nisa neman abin da za a sha. Ran na biyar da safe, kafin ya sauka, ya daɗe yana kallon bangon. Ya ce mini, "Sale, ruwa ya ci bayan duwatsun nan. Ba na son yadda suka yi ciki." Na ce to a bari mana. Ya ce, "A bari a sha me?" Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka.

Da hantsi igiyar ta fizge hannuna. Na ji ƙara daga ƙasa, ƙura ta taso ta baki. Muka yi ta kira, shiru. Ban san tsawon lokacin da shirun ya ɗauka ba. Can sai muka ji tari, sannan muryarsa, siririya. Ya ce bango ya zubo ta gefe ɗaya, wani babban dutse ya danne masa cinyoyi, yashi ya kawo masa ƙirji. Ya ce kada kowa ya tsaya kusa da baki, sauran bangon yana motsi.

Mutane suka taru a gindin magaryar. Wani ya ce a ruga gari a kira hukuma, suna da mota da kayan aiki. Kowa ya dubi Baffa Ɗanjuma, shi kuma ya dubi ƙasa. Da ya ɗago ya ce, "In suka zo, ba rijiya kaɗai za su gani ba. Za su ga gidaje, su tambayi takarda. Ku dubi matan nan da 'ya'yansu."

Hauwa, matar Yaya, tana da tsohon ciki a lokacin. Ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban maza ba sai ranar. Ta ce, "Baffa, su kwashe ni. Ni na yarda su kwashe ni yau. A fito mini da shi."

Baffa ya rarrafa zuwa bakin rijiyar ya gaya wa Yaya abin da ake ciki, bai ɓoye masa ba. Muka kasa kunne. Yaya ya ce, "Kada a kira kowa. A turo mini mutum ɗaya marar nauyi, da dagi da kwando." Sannan ya ce, "Sale na nan?"

Duk ƙauyen an san ni da tsoron rijiya, har tsokanata ake yi. Amma ni ne mafi rashin nauyi a cikin mazan, kuma ni kaɗai na taso ina jin yadda ake aikin. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce zuciyata ta dake ba. Sai da Baffa ya ɗaura mini igiyar da kansa. Da aka fara sassauta ni, na rufe ido, ina jin yashi na zubo mini a wuya, ina jin sanyi na hawowa daga ƙasa. Da na buɗe ido, sama ta koma kamar bakin tulu.

Na same shi fuska duk ƙasa, idanunsa kawai ke haske. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Kada ka taɓa bangon hagu. Kada ka jingina. Fara daga nan." Shi da ke danne shi ke koya mini aiki. Da hannu na riƙa kwasar yashin ina zubawa a kwando, domin ya ce dagi zai girgiza bango. Duk kwandon da aka ja sama, sai ƙananan duwatsu su zubo mana a ka, mu ƙame mu jira. Sau biyu na ce masa ba zan iya ba, numfashina na ɗaukewa. Ya ce, "Dube ni, kada ka dubi sama. Cika wannan kawai." In na cika ya ce in cika wani.

Aka yi azahar muna ciki. Aka yi la'asar. Da dutsen ya bayyana, aka zuro igiya ta biyu da wani ƙarfe da Baffa ya lanƙwasa a maƙera, na saƙala kamar yadda Yaya ya nuna mini, maza suka ja daga sama. Dutsen ya ɗaga kamar taki ɗaya. Na rungume shi ta hammata na ja, ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, ya fito. Shi aka fara ja sama. Ina tsaye ni kaɗai a ƙasa ina kallon ƙafafunsa na lilo, ina jiran bangon ya rufe ni. Bai rufe ba.

Ranar an yi murna. Ƙashi bai karye ba, ya sha kunu, ya yi wa Hauwa dariya. Washegari cinyoyinsa suka kumbura suka yi tauri kamar itace. Fitsarinsa ya koma kalar shayi, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Hauwa ta sake cewa a kai shi asibiti. Aka sake zama, aka sake kawo maganar takarda: za a tambayi inda ya fito, da wanda ya kawo shi. Aka ce a gwada na gida tukuna, a ga gobe. Ina wurin. Ni da na shiga rijiya saboda shi, a wannan zaman ban buɗe baki ba. Ina tsoron jirgi. Wannan shi ne gaskiyar magana, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Ran na uku da hantsi ya cika, kansa a cinyar Hauwa. Muka binne shi bayan Dutsen Jima inda muke binne namu, da sauri, mutum ɗaya na kan tudu yana duba hanya. Bayan shekaru masu yawa wani likita ya gaya mini an san wannan ciwon, na wanda nauyi ya daɗe a kansa, kuma wani lokaci akan ceto mutum in an kai shi da wuri. Na tambaye shi ko a wancan zamanin ma. Ya ce Allah ne masani. Da wannan amsar nake kwana nake tashi.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Magaryar babu ita. Inda rijiyar take, a iya lissafina, kwalta ce, motoci na wucewa a kai. Ruwa na zuwa har cikin ɗaki, abin da na tabbata zai tsaya ya daɗe yana kallo, ya tambayi daga ina aka jawo shi, wa ya haƙa. Jima da ƙirar gwangwani da ga-ruwa duk sun tafi. Amma da a ce zan kai shi unguwar Nakkasa ya ga gefen dutsen da aka rushe gidajensa, ya ga mutanenmu na ɗaure kaya ba su san inda za su ba, ba zai buƙaci bayani ba. Har yanzu akwai gidajen da mutum ke kwance da ciwo, ana shawara a kansa ƙasa-ƙasa, ana cewa a ga gobe. Wannan ne ke tayar mini da hankali fiye da komai, domin na san yadda goben take zuwa.

To me ya saura nasa? Ba kabarin da zan nuna, ba hoto, ba takardar da ke ɗauke da sunansa. Hauwa ta haifi mace, ni na riƙe ta har na aurar, yanzu jikokinta Larabci suke yi, Hausarsu ta gaisuwa ce. Rijiyar kuwa mun gyara ta bayan rasuwarsa, ni na sauka na sake jera bangon, ƙauyen ya ƙara shan ruwanta shekaru kafin gari ya iso.

Akwai kuma abu ɗaya da ya bar mini ba da saninsa ba. Bayan shekara biyu da rasuwarsa, naƙuda ta tsananta wa matar wani majemi, aka taru za a fara irin wancan zaman. Ban zauna ba. Na fita hanya na tare motar kaya, muka ɗora ta, na shiga gaba. Muka nufi asibiti. Hukuma ta tsare ni kwanaki ana tambayata, daga baya Allah ya sa aka sake ni. Matar ta rayu, abin da ta haifa ya rayu. Tun daga ranar ba a sake yin shawara a kan marar lafiya ina zaune ba.

Allah ya jiƙan Yaya Isiyaku, ya yalwata masa kabarinsa. Ni kuma ya yafe mini shirun da na yi.