Wane Keken Lokotoro Yake Nufi?

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku. Masu tambayar ina hotunan hanya da na saba sakawa, ga abin da ya faru, ko da yake ni kaina ban gama gane shi ba.

Kun san ni da keke. Ba ruwana da kwalta, burji nake so. Hanyar nan ta Dogarawa, jar ƙasa da tsakuwa, gero dama da hagu, kana jin kowane dutse tun daga tafin ƙafa har haƙora. Abokan aikina a lakwal, makarantar da nake aiki, suna cewa wahala nake nema. Ni kuwa can nake hutawa.

Farkon abin, tsakuwar ce na daina ji. Ina taka feda, ido na ganin dutse, ƙafa shiru. Na zargi takalmi, na canza. Na zargi taya. Sai ƙishirwa, sai yawan fitsari, sai rama. Rannan ƙafar dama ta zame, na faɗi, na kasa tashi. Wani mai amalanke ne ya fito da ni bakin kwalta.

A asibiti a Konni aka ɗebi jini, aka ƙara min ruwa, aka riƙa tsikarar tafin ƙafata ana tambaya ko na ji. Ban ji ba. Wallahi na tsorata.

Sakamako ya fito: ciwon suga, har ya taɓa jijiyoyin ƙafa. Ni da ko shayi ba na sha da zaƙi! Gwaji da magani suka cinye waken da muka noma.

Lokotoron, wato likitan da ya duba ni, baƙo ne, Hausarsa kaɗan ce. Ranar sallama ina kwance kaina na juyawa, ya kira matata Rabi da yayana Sani bakin ƙofa, ya nuna ƙafafuna ya ce, "Wannan, keke. Kullum keke."

Rabi ta dawo ido jajur. Na tambaye ta, ta ce, "Ba komi, Malam. Allah na nan."

Muka koma gida, ban ga kekena a zaure ba. Bayan kwana biyu Yaya Sani ya shigo yana turo keken guragu.

"Haƙuri za ka yi, ƙanena. Lokotoro yac ce kai da keke kullum. Mun saida wancan, munka cika munka sawo wanga."

Na hau na zauna.

Abin da ya ruɗa ni, ƙafar sauƙi take samu. Ina iya takawa har ban ɗaki, amma Rabi na ganina tsaye sai ta ce, "Zamna, don Allah!" Na rasa wa zan yarda da shi, ƙafata ko mutanen gidana.

Ranar komawa asibiti, lokotoro ya ga ana turo ni, ya miƙe zumbur. "Ka faɗi kuma?"

Yaya ya ce, "Ai kai kac ce keke."

Mutumin ya dafe kai. Ya shiga juya hannuwansa kamar feda yana cewa, "Belo! Belo!" Sannan ya juyo gare ni da Faransanci: in riƙa hawa kekena kullum, a hankali, yana cikin maganina.

Ban san dariya zan yi ko kuka ba. Na yi duka biyun.

Yaya ya turo ni har gida. Ranar kasuwar Badagishiri ya bi dillali har ya gano wanda ya sayi kekena. Ya dawo da keken ba ƙararrawa, ya jingina shi a zaure ya ce, "Ga belonka."

Na gode wa Allah. Na gode wa Rabi da Yaya, tsoro da ƙauna ne suka zaunar da ni. Na gode muku da addu'a.

In ƙafarku ta fara mutuwa, kada ku zargi takalmi, ku je a gwada jini. Kuma in likita ya yi magana, ku maimaita masa abin da kuka fahimta kafin ku fita.

Jiya na koma burji. Ƙafar dama har yanzu shiru. Amma wajen gangara na bi ta kan wani dutse, ta hagu ta ji shi. Na tsaya, na juya keken, na sake bi ta kansa don in tabbatar.