Yatsan Da Ya Ƙi Lanƙwasuwa

Ranar Talata ce, tsakiyar damina, a ƙauyenmu kusa da Yankara. Na sha koko. Matata Rabi na surfe, ɗiyarmu Hauwa na yi wa Inna tsifar kai. Ni da ƙanena Isiya muka ɗaura wa shanu garma muka fara huɗa.

Ƙarfe tara da kwata muka ji babura. Sai harbi daga bakin rafi.

Na yar da garma muka ruga gida, Isiya ya riga ni shiga. A ƙofa na iske 'yan bindiga. Bayan babur na gaba akwai Sale, maƙwabcina, wanda muke cin tuwo kwano ɗaya. Ya naɗe fuska da rawani, amma na san muryarsa. Shi ke nuna musu gidaje.

"Kowa shi kwanta!" in ji ɗaya daga cikinsu.

Ban kwanta ba. Wani ya kawo mini sara da adda, na tare da hannun dama. Na faɗa cikin dawa. Na yi rarrafe har azahar, ina jin ihu a bayana. Daga baya ihun ya tsaya. Da la'asar na isa Yankara, aka sa ni mota zuwa asibiti. Kwana uku sannan aka gaya mini babu wanda ya fita da rai daga gidana.

An ɗinke hannun, amma ya sandare kamar icce. Sai aka haɗa ni da Malama Hadiza, wadda aikinta koya wa irinmu cin abinci, sa riga da alwala da kanmu. Ta naɗa tsumma a mariƙin cokali don in iya riƙewa. Ta zuba wake a faifai, in tsince ɗaya-ɗaya.

Ta tambaye ni aikin da na fi so hannun ya koma yi. Na ce ɗaga manuni a tahiya. Ƙarya na yi mata. Bindigar mahaifina na binne ƙarƙashin rumbu, kuma an ce mini Sale na yawo a kasuwa da sabuwar riga. Yatsan jan kunamar bindiga nake so. Kowace ƙwayar wake na ɗauka, fuskarsa nake gani.

Wata biyar muna yi. Na iya cin tuwo, na iya sa maɓalli. Manuni kuwa ya miƙe, ya ƙi lanƙwasuwa. Jijiyar ta yanke, ba gyara. Malama ta yi mini murna da zuciya ɗaya, ta ce tahiyata dai ta samu. Na yi godiya, na fita baranda na yi kukan takaici.

Ban yafe ba, ba kuma zan yafe ba. Yanzu da hagu nake tsintar waken.

Da dama kuwa nake ƙirga mutanen gidana bayan kowace salla. Na naɗe ƙaramin yatsa, Rabi. Na biyu, Isiya. Na uku, Inna. Idan na zo kan Hauwa, yatsan ba ya sauka.