Abin da Nura ya karanta

Shekara goma ke nan cif da muka kai ɗana Nura makwancinsa a Madina, kuma har yau akwai maganar da na kasa faɗa.

Ni mai haɗa magunguna ne, ina zaune a unguwar Harra ta Yamma. 'Ya'yan abokaina duk likitoci ne da injiniyoyi. Nawa kuwa da ya tafi jami'a a Amurka farkon shekarun casa'in, sai ya zaɓi nazarin yadda fim ɗin ƙasar ya bunƙasa. Duk wanda ya tambaye ni bayan sallar Juma'a, sai in ce, "Tarihi yake karantawa." Kunya ce, ba komai ba. A garin Manzo, inda ko gidan sinima babu, da wane baki zan ce fim?

A hutunsa na ƙarshe ya zo da kasa-kasan bidiyo cike da jaka. Rubutu yake a kan yadda wasu matasa suka fito da kyamara daga ɗakunan shirya fim zuwa kan titi, suna nuna talaka yadda yake. Ya tare ni bayan la'asar da Hausarsa mai gauraye da Larabci.

"Abuya, ka zauna minti goma bas, in nuna maka aikina."

"Sai gobe," na ce. Ashe gobe ta Allah ce. Bayan mako biyu mota ta kife da shi a hanyar Badar.

A zaman makoki aka yi ta yabon ɗalibin tarihi. Na sunkuyar da kai ina amsa addu'a.

Yau kowane soro da tauraron ɗan'adam, har dattawan da nake jin kunyarsu suna ɗaukar jikokinsu a waya. Da Nura yana raye, dariya zai yi mana, ko haushi zai ji? Mahaifiyarsa ta bi shi, gidan ya zama ni kaɗai. Nakan sa kaset ɗin, in ga motoci da mutane suna wucewa. Abin da yake so in gani ban san shi ba, kuma babu wanda zan tambaya. Da na sani ƙeya ce.

Kabarinsa ba shi da suna, kamar na kowa a nan. Rubutun ma bai kammala ba. Abin da ya rage a hannuna gaskiyar nan ce, to ga ta a jarida, abokaina su karanta: Nura fim ya karanta, kuma malamansa sun ce ya iya. Ni ne ban zauna ba.